Lobotomi: Lokacin da Aka Ɗauki Shirun Majinyaci a Matsayin Waraka

A shekarar 1935, a birnin Lisbon na ƙasar Fotugal, likitan jijiyoyi Egas Moniz ya sa abokin aikinsa Almeida Lima ya huda ƙoƙon kan masu taɓin hankali domin lalata jijiyoyin da ke haɗa gaban ƙwaƙwalwa da sauran sassanta. Wannan tiyata ce aka fi sani da lobotomi, kuma a kanta aka ba Moniz lambar yabo ta Nobel a 1949.

Walter Freeman ne ya yaɗa ta a Amurka, duk da cewa shi ba likitan fiɗa ba ne. A 1946 ya ɓullo da hanyar da ba ta buƙatar ɗakin tiyata: a sumar da majinyaci da wutar lantarki, a cusa wani ƙarfe mai kama da tsinken fasa ƙanƙara ta saman ƙwayar ido, a buga da 'yar guduma har ya fasa siririn ƙashin da ke wurin, sannan a juya shi cikin ƙwaƙwalwa ba tare da ana ganin abin da ake yankawa ba. James Watts, likitan fiɗar da suka fara aikin tare, ya raba gari da shi saboda wannan. Freeman ya yi wa mutane kusan 3,500, har da yara.

A ganina, babban laifin yana cikin ma'aunin da aka auna nasara da shi. A lokacin, asibitocin gwamnati sun cika maƙil, ma'aikata sun yi ƙaranci, don haka duk majinyacin da ya daina ihu da faɗa sai a rubuta cewa ya samu sauƙi, ko da kuwa ya rasa himma da walwala da ikon kula da kansa. Sau da yawa dangi ne ke yanke hukunci a madadinsa. Haka aka yi wa Rosemary Kennedy, ƙanwar John Kennedy wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, a 1941 bisa amincewar mahaifinta, tana da shekara 23, ta fito ba ta iya magana ko tafiya yadda ya kamata, ta ci gaba da rayuwa a hannun masu jinya har 2005.

Tarayyar Sobiyat ta haramta tiyatar tun 1950. A Amurka kuwa, zuwan maganin taɓin hankali mai suna chlorpromazine a 1954 ne ya rage mata kasuwa, amma Freeman bai ajiye ƙarfensa ba sai a 1967, bayan wata majinyaciya ta mutu sakamakon zubar jini a ƙwaƙwalwa, aka hana shi taɓa kowa.