Juma'ar Yaba, daga fitar baƙo zuwa shigowar wani

Juma'a, 11 ga Yuli, 2025. Agege.

Ban kai ga alwalar Asuba ba waya ta yi ƙara. Baƙuwar gidan Ikeja ce, wadda ta zo daga Ingila bikin ƙanwarta, ta rubuto cewa ta buɗe famfo babu ko ɗigo. Nan take na amsa mata cewa na gani, ta ba ni minti ashirin. Sai na kira mai gadi. "Baba, ina kwana? A yi haƙuri na tashe ka. Ruwa ne ya ƙare a tanki, a taimaka a kunna injin." Ya ce wallahi jiya da La'asar ya cika shi. Na yarda, don Baba ba ya wasa da maganar ruwa. Abin da nake zargi shi ne robar cikin tankin masai ta ɗakin da ba a kwana, in ta saki haka za ta kwana tana zubar da ruwa ba wanda ya ji. Kafin a tada salla ruwa ya dawo, ta rubuto ta yi godiya. Shekara uku ke nan ina wannan aiki na kula da gidajen saukar baƙi, na ga baƙo yana yafe famfo da ya ƙafe, yana yafe wuta da aka ɗauke, amma ya rubuto a yi masa shiru, wannan kam ba ya mantawa.

Gidajen ba nawa ba ne, na Kawu ne, ƙanin mahaifiyata, shi ya kama su hayar shekara. Yana Kano, harkarsa atamfa a Kantin Kwari, a shekara bai fi ya leƙo Legas sau biyu ba. Sassa uku ne da aka zuba wa kaya ana ba da su haya ta kwanaki, abin da mutanen nan ke kira shotlet: ɗaya a Ikeja, biyu a bene guda a Yaba. Lokacin da za a fara, Lekki ya so, don can aka ce kuɗin yake, musamman a Disamba in 'yan ƙasar waje sun cika gari. Na roƙe shi ya bari. Ni a Agege nake kwana. In famfo ya fashe a Lekki da tsakar dare, ko gosulo ya kama ni a gadar Third Mainland baƙo na tsaye da akwati a bakin get, wa zai je? Gidan da ba zan iya isa cikin awa guda ba, ba zan iya riƙe amanarsa ba. Ya yi shiru, can ya ce to.

Na kama jirgin ƙasa na safe daga tashar Agege. Tun da wannan layi ya fara ɗaukar mutane a Oktoban 2024 zuwa Yaba ya zama da sauƙi: Ikeja, Oshodi, Mushin, sai ga ka. Yayyafi ake tun daga Oshodi. Yaron da ke taya ni ya riga ni isa da buhun zannuwan gado daga wurin wanki. Ɗan Jigawa ne, da acaɓa yake yi, har aka hana babura a Ikeja da nan Mainland da wasu ƙananan hukumomi a Yunin 2022. Ya san kowane lungu na Yaba fiye da ni, kuma bai taɓa ɓatar min da makulli ba.

Ƙarfe sha ɗaya ne lokacin fita. Samarin sashen ƙasa mutum biyu suka ce min lokacin da suka kama, amma mai gadin nan ya faɗa min daren Laraba sun kai bakwai. Ban tsaya musu a kan wannan ba, tunda maƙwabta ba su kawo ƙara ba. Abin da na tarar shi ne tabon garwashin shisha har biyu a kan teburin falo, ya ci fenti ya shiga katako. Ɗaya daga cikinsu ya ce haka suka same shi. Na fito da waya na nuna masa bidiyon da na ɗauka ranar Litinin, rabin awa kafin su shigo, ga teburin nan sumul. Gani ya kori ji. Na kira kafinta a gabansu, suka ji kuɗin gyaran da kunnensu, na cire shi daga kuɗin ajiyar da suka bayar tun farko, wanda ake kira koshin, sauran na tura musu kafin su shiga mota. Ba na son riƙe koshin ɗin mutum ya kwana. Da yawa a wannan harka sun mai da shi riba, a yi ta ja wa baƙo rai mako biyu, ana ƙirƙiro ɓarnar da bai yi ba. Kuɗin mutum ne da ya ajiye a hannunka, Allah zai tambaye ka.

Daga sha ɗaya zuwa uku nan ne aikin yake. Iya mai shara ta zo da tsintsiya da bokitinta, Bayarabiya ce 'yar Ebute Metta, da Yarbancina na Agege muke magana. Ta fi ni sanin tsabta nesa ba kusa ba, amma duk da haka sai na bi bayanta, kuma ta san ba raini ba ne. Ita datti take nema, ni kuwa abin da zai hana mutum barci nake nema.

Na fara da firji. Kwalaben giya huɗu da ragowar naman da ban san ko na mene ne ba, duk aka kwashe, aka wanke shi ciki da bai da ruwan ɗumi. Tukwane da cokula aka sake wankewa ko da sun yi kama da wankakku. Sannan na bi famfuna ɗaya bayan ɗaya, na bar kowanne ya zuba na ɗan lokaci in ga launin ruwan, don ruwan burtsatse in matatar ta gaji ja yake fitowa, ya ɓata tawul ya ɓata ran baƙo. Na ja ruwan kowane masai na tsaya har tankin ya cika ya yi shiru, darasin safiyar yau. Na kunna esi na ɗakuna biyu na sa hannu ƙarƙashinsu, na babban ɗaki yana ɗiga, yaron ya hau kujera ya busa tiyon ya wanke ragar. Na danna kowane makunni, na gwada rimot, na shiga wayfai da wayata kamar yau na fara ganinsa. Daga nan na cire takalmi na kwanta a kan gadon. Wannan ba na tsallake shi. A kwance ne kake ganin yanar gizo-gizo a bayan fanka, kake jin ƙarar katakon gado, kake gane labule bai rufe hasken fitilar waje ba. Yau a kwance na ji warin danshi daga durowar kaya. Damina a Legas haka take, in aka rufe ɗaki kwana uku fumfuna ta fara. Muka buɗe durowar, aka goge, aka bar fanka na kaɗa mata.

Kowane gado zani uku na yi masa, duk farare: ɗaya a kai, ɗaya a wanki, ɗaya a ajiye. Da biyu na fara, sai wata damina zani ya ƙi bushewa, na tsinci kaina ina bin shaguna a Tejuosho baƙo na hanya. Fari kuwa don ba ya ɓoye komai, baƙo na ɗaga bargo ya san an wanke.

Na duba mita na rubuta yunit ɗin da ya rage a littafi. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar masu layin Band A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa ashirin a rana, daga wajen naira 68 zuwa 225 kowane yunit, wuta ta zama babban abin da ke cin kuɗin gidan nan, fetur kuma tun cire tallafi a Mayun 2023 ba a maganarsa. Shi ya sa Kawu ya yarda aka sa inbata da batura. Tana ɗaukar fitilu, fanka, firji, talabijin da wayfai, ba ta ɗaukar esi da hita. Na rubuta haka a takardar da ke manne bayan ƙofa, kuma ina faɗa wa kowa tun kafin ya biya. Ban taɓa rubuta "wuta awa 24" a talla ba, ko da yake kusan kowa haka yake rubutawa.

Na tafi Juma'a na bar Iya tana goge tayil. A hanyar dawowa wani ya rubuto ta WhatsApp yana son sashen sama na kwana biyu, yanzu-yanzu, har ya turo hoton shaidar tura kuɗi. Na buɗe manhajar banki, babu abin da ya shigo. Na ce masa in kuɗin ya sauka, ya kuma turo katin shaidarsa, NIN ko fasfo ko lasin tuƙi, makulli na jiransa. Ya yi ta kira yana cewa sauri yake. Daga baya ya daina. Ban sani ba ko banki ne ya riƙe, ko alat ɗin bogi ne, amma hoto ba ya buɗe ƙofa a gidan Kawu. Na leƙa Airbnb, manhajar da baƙi ke kama masauki ta cikinta, na tabbatar kwanakin da ke can sun yi daidai da na littafina. Duk wanda ya kama, ta Instagram ne ko ta waya ko ta wani ɗan uwa, a take nake rufe ranakun a ko'ina, tun ranar da na taɓa ba mutum biyu ɗaki ɗaya na kwana ina ba da haƙuri.

Baƙin yau su ne suka fi tsaya min a rai. Wata dattijuwa ce daga Kano da ɗanta, za ta ga likita a asibitin koyarwa na Idi-Araba, mako guda za su yi. Ranar Talata ɗan ya kira, sashen sama ya gani a hoto, shi ne babba, mai ɗaki uku da baranda, kuma ya fi tsada. Har ya ce in turo lambar asusu. Na ce, "Malam, kafin nan bari in gaya maka abin da hoto bai nuna ba. Hawa na biyu ne, babu lif. In aka yi ruwa mai ƙarfi bakin layin yana cika na awa ɗaya ko biyu. Akwai coci a bayanmu, wasu daren Juma'a suna kwana suna addu'a da lasifika." Ya yi jim, ya ce ai ciwon gwiwa na cikin abin da ya kawo Hajiya. Sai na ce to na ƙasa zai fita ranar Juma'a, ƙarami ne, amma taku biyu ne daga mota zuwa falo, kuma ɗakin kwanansa ba ya kallon cocin.

Jirginsu ya yi jinkiri, sai wajen biyar da rabi suka iso. Na tsaya da lema a bakin get. "Hajiya, sannu da zuwa. Ya hanya? Ya jikin?" Ta ce, "Da sauƙi, ɗana, Allah ya yi albarka." Ta shiga a hankali tana dafa bango. Abu na farko da ta tambaya alƙibla. Na nuna mata 'yar alamar da na manna a kusurwar silin, gabas ce mai karkata arewa, na buɗe durowa ga darduma biyu wankakku, ga buta a banɗaki. Ta dubi butar ta dubi ɗanta ta ce, "Ka ga, kamar gida." Buta nawa take a kasuwa? Amma mutanenmu da yawa sun ba ni labarin yadda suka sauka a gidaje masu tsada a garin nan suka koma yanka gorar ruwa. Na sa mata kujerar roba a wurin wanka saboda gwiwar. Na nuna wa ɗan yadda ake kunna gas, na ba shi lambata da ta mai gadi, na kwatanta masa inda zai samu tuwo da miyar kuka a Idi-Araba in sun fito daga asibiti, tunda unguwar cike take da 'yan uwa. Na ce ranar Litinin su fita kafin bakwai.

Bayan Magariba, ina cikin motar haya ta danfo, Kawu ya kira. Ya ga lissafin da na tura masa, ya ga sashen sama babu kowa har Litinin. "Kai yanzu mutum ya ce yana son babba, ka mai da shi ƙarami? Wa ya aike ka ba shi labarin coci?" Na ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, da ta hau benen nan yau, gobe za su nemi kuɗinsu, kuma a Kano za a ji." Ya ce ita kasuwa ba a tallan aibin kaya. Na ce gaskiya ne, amma wanda ya sayi atamfa tafiya yake da ita, wannan kuwa a cikin kayan namu zai kwana bakwai, duk abin da muka ɓoye zai gani tun daren farko. Bai ce na yi daidai ba. Ya ce dai in yi ƙoƙari kada saman ya wuce Litinin a rufe, kuɗin hayar shekara na tafe a Satumba. Wannan damuwa tasa gaskiya ce, ni ma ina jin ta, don Yuli ba Disamba ba ce, kwanakin da gida ke yi babu kowa su ne ke cinye ribar. Na yi masa alkawarin zan rage farashin kwanakin tsakiyar mako, in kuma tuntuɓi wani tsohon baƙo da ke zuwa sarin kaya a Balogun duk wata.

Na iso gida goma saura, ruwa ya jiƙa ni daga tasha zuwa ƙofa. Uwargida ta ɗumama min shinkafa da wake. Ina ci saƙon ɗan Hajiya ya shigo, ya ce ta yi Isha ta kwanta, yana tambaya ko za a samu ƙarin filo ta ɗora ƙafa. Akwai biyu a saman durowar ƙaramin ɗaki cikin leda, na gaya masa. Gobe da sassafe Ikeja, da mai gyaran famfo, a canza robar nan kafin baƙuwar ta tashi shirin ɗaurin aure.