Rulet ba adashi ba ne

Wata Laraba cikin sanyin Janairu, irin sanyin Jos ɗin nan da sai ka yi shahada kafin ka taɓa ruwan alwala, ƙanin matata ya faɗo shagona wajen goma da rabi na dare ina shirin jan ƙofa. Ko sallama bai ƙarasa ba. "Yaya don Allah ka tura min dubu hamsin da ɗaya da ɗari biyu, minti biyu zan dawo maka da su wallahi tallahi." Ni abin da ya fara tsaya min ma ɗari biyun nan ce ta sama. Wanda ya shiga matsala dubu hamsin zai ce maka ko sittin, amma duk wanda ya ce 51,200 cif, to akwai lissafin da yake bi.

Yaron keke yake ja, Terminus zuwa Farin Gada, kullum yana kai balans, kuma ba shashasha ba ne, a lissafi ma ya fi ni sauri. Ni kuwa caji da POS nake yi a gefen Bauchi Road, kusan duk yaran layin da ke zuba kuɗi a cacar waya ta hannuna transfa ɗinsu ke bi, na san fuskar wanda ya ci, na san ta wanda aka wanke. Ban dai taɓa zaton abin ya shigo har gida ba.

Ya zaro wani ɗan littafin eksasais daga aljihun rigar sanyi ya shimfiɗa min a kan kanta. Shafi bayan shafi ba komai sai J da B, J da B, ja da baƙi, da kwanan wata a sama kamar rajistar makaranta. Ya nuna min layin ƙarshe da yatsa: baƙi shida, sai kore, sai baƙi kuma. "Sau takwas ja bai fito ba Yaya. Takwas fa! Yanzu dole ne, layinsa ya zo."

Wannan kalmar ta "layinsa ya zo" ita ta sa na zauna rubuta wannan. Maganar haramci ba sai na tsaya a kai ba, duk yaron da ya yi Islamiyya ya san aya ta 90 a Suratul Ma'ida, kuma masu bugawa sun fi kowa saninta. Abin da na lura yana riƙe su shi ne suna ganin su ba caca suke yi ba, wai dabara suka gano. To bari mu taɓa dabarar.

Ga wanda bai san ta ba, rulet wani faifai ne mai juyawa da gurabe a jikinsa, ana sakin 'yar ƙwallo ta yi ta zagaye har ta faɗa ɗaya. Irin na Turai, wanda aka fi gani a waya, gurbi 37 ne: lamba 1 zuwa 36, sha takwas ja sha takwas baƙi, sai sifili guda ɗaya kore. Na Amurka 38 ne don sun ƙara sifili biyu a haɗe. Idan ka zaɓi lamba ɗaya ta fito, za a ba ka ninki 35 a haɗa maka da kuɗinka. Idan launi ka zaɓa ya fito, a ninka maka sau ɗaya.

Na ce masa kawo biro. A ce ka sa naira 100 a kan kowace lamba, duka 37 ɗin, ba ka bar ko ɗaya ba. Nawa ka kashe? Ya ce 3,700. Dole ka ci ko? Ya ce dole. Nawa za a ba ka? Ya yi shiru kaɗan, ya ce 3,500 da ɗarinka, 3,600. Na ce to ina ɗari ɗayan? Ka rufe duk ƙofofi, ka ci, kuma ka dawo gida da giɓin ɗari. Shikenan sirrin gidan caca kaf, babu aljani babu tsafi. Gurbi 37 ne amma ana biyanka kamar 36 ne. Wannan ɗaya cikin 37 ɗin shi ne kashi 2.7 cikin ɗari, a na Amurka kuma 5.26. A launi ma haka ne, kana ganin rabi da rabi ne alhali gurbi 18 ne naka 19 nasu, saboda idan ta faɗa kore da mai ja da mai baƙi duk an kwashe. Kuma kason nan ba daga abin da ka saka a akawun ake cira ba, daga duk abin da ka juya ne. Ka sa dubu goma ka yi ta buga ɗari biyar-biyar sau 200, dubu ɗari ka juya, a matsakaici 2,700 ta tafi ko da ba ka ji fitarta ba.

Duk wannan ya yarda. Inda muka rabu shi ne maganar layi.

Mu mun tashi da adashi. Kana zubi kana zubi, ka san uwar adashi na riƙe da suna, in an yi wata tara ba ka kwasa ba to na goma naka ne, duk wanda ya kwasa ya fita daga layi. Haka ma karta, in kana buga Whot duk katin da ya sauka ya bar hannun mutane, mai lura zai iya ƙiyasta abin da ya rage. Kanmu ya saba da abubuwan da ke riƙe lissafi. Rulet kuwa ba ta da uwar adashi. Ko baƙi ya fito sau takwas, ba a cire ko gurbi ɗaya na baƙi daga faifan ba, suna nan sha takwas ɗinsu, ja na nan sha takwas, kore na nan yana jira. Ƙwallon ba ta san abin da ta yi minti ɗaya da ya wuce ba balle ta ji kunya ta gyara. Juyi na tara daidai yake da na farko, 18 cikin 37, kusan kashi 48.6.

Ba yaran Jos ne suka fara faɗawa ramin nan ba. Ranar 18 ga Agusta 1913 a gidan cacar Monte Carlo da ke Monako, baƙi ya fito sau 26 a jere. Tun wajen na goma sha wani abu manyan masu kuɗin Turai suka yi ca a kan tebur suna lafta kuɗi a ja, kowa na cewa ai yanzu kam dole, suna ƙarawa baƙi na ƙara fitowa, gidan ya kwashi miliyoyin kuɗin Faransa a dare ɗaya. In ka tsaya tun kafin a fara ka ce baƙi zai zo sau 26, gaskiya abu ne mai wuyar gaske, kusan ɗaya cikin miliyan 137. Amma wanda ke tsaye bayan na 25, guda 25 ɗin sun riga sun faru, sun zama tarihi, abin da ke gabansa juyi ɗaya ne tak kuma shi ma 18 cikin 37 ne. Nan ne kan mutane ke juyewa.

Ni kaina ban tsira ba fa. Da matata ta haifi mace ta uku, gwaggona ta ce kwantar da hankalinka na huɗu namiji ne, ai an yi mata da yawa, kuma har ga Allah na ji maganar ta zauna min kamar hujja. Ta huɗun tana nan tana rarrafe, Allah Ya raya mana.

Sai ya kawo hujjar da na san zai kawo, wai ai a ƙarshe dole ja da baƙi su zo daidai, haka lissafi ya ce. Eh, in an juya sau dubbai kason kowanne zai matso kusa da na ɗan'uwansa, amma ba ta hanyar biyan bashi ba. Ka zuba cokalin gishiri a kofi za ka ji shi, ka juye kofin a durom ba za ka ji ba, kuma ba wanda ya zo ya tsame gishirin, ruwa ne ya yi yawa. Rarar baƙi takwas a juyi goma babban abu ne, a juyi dubu goma ko ganinta ba za ka yi ba. Ba sai ja ya rama ba.

Abin dariyar ma, a benci ɗaya wajen mai shayi za ka ga mutum biyu suna kallon skirin ɗaya, wannan na cewa baƙi ya yi yawa a koma ja, wancan na cewa baƙi ne ke da zafi a bi shi. Kuma manhajar da kanta take jera maka lambobin da suka wuce, har da wai masu zafi da masu sanyi, kyauta. Mai gidan caca ya taɓa ba ka abin da zai cutar da shi kyauta?

Yanzu dabarar tasa. Ninki ne, wanda Turawa ke kira Martingale, tun ƙarni na 18 ake yinta a Faransa, shi kuwa a wani gurup na Telegram ya biya dubu biyar aka "buɗe masa sirri". Ka sa 200 a ja, in ka faɗi ka sa 400, in ka faɗi 800, haka haka, duk sanda ka ci ka maido duk asararka da ribar 200. Kuma gaskiya tana aiki, matsalar kenan. Kwana goma sha biyu yaron nan yana tashi da dubu biyu, dubu uku a rana, har ya fara raina kuɗin keke, yana ganin me zai sa ya yi ta shan hayaƙi a go-sulo na Terminus. Ranar nan kuwa: 200, 400, 800, 1,600, 3,200, 6,400, 12,800, 25,600. Ka tara, 51,000. Ribar kwanakin duka, da balans na sati, da kuɗin da yake tarawa na taya. Na gaba 51,200, kuma in ya ci duk wahalar nan ribarsa naira 200 ce, ko shayi da burodi ba za ta saya ba yanzu.

Na danna masa a kalkuletar waya. Faɗuwa takwas a jere tana zuwa kusan sau ɗaya cikin 207. Ji kamar abu mai nisa ko? Amma shi yana yin zagaye wajen 15 a rana, cikin sati biyu ya kai 200 da wani abu. Kenan ba tsautsayi ne ya same shi ba, abin da ke cikin tsarin ne tun farko. Ka ci 200 sau 206, ka tara 41,200, sai guda ɗaya ta zo ta ɗauke 51,000. Dabarar ba ta taɓa kason gidan ba ko kaɗan, kawai ta tattara asarar ne ta ɓoye ta a rana ɗaya, ta bar ka kana murna sauran kwanakin. Ko da kana da kuɗin Dangote ma tebur na da iyakar abin da za ka iya sawa, kana kaiwa nan ninki ya ƙare. Sauran dabarun masu sunaye masu daɗi, D'Alembert, Fibonacci, Labouchère, duk jirgi ɗaya ne ya kwaso su, suna canza yawan abin da kake sawa ne, gurbi 37 na nan yadda yake.

An taɓa cin rulet da wayo? An taɓa, amma ba da J da B ba. A ƙarni na 19 wani Bature ɗan Ingila, Joseph Jagger, wanda ya san injinan masaƙa, ya sa aka yi ta rubuta masa lambobin faifan Monte Carlo har ya gano ɗaya da ya ɗan karkace yana fifita wasu lambobi, ya ci kuɗi sosai kafin gidan ya farga ya sauya faifan. Wani ɗan Sifen mai suna Gonzalo García-Pelayo ma ya yi irin haka a Madrid a shekarun 1990. Su lahani suka samu a katako da ƙarfe. Wadda ke cikin wayar ƙanin matata kuwa ba faifai ba ne ma, hoto ne, kwamfuta ce ke fitar da lamba sannan a nuna maka ƙwallo na gudu. Me zai karkace a ciki?

Duk surutun nan da nake yi yana tsaye yana karkaɗa ƙafa, ido a kan waya, don irin wadda sai ka danna take juyawa ce, tana nan tana jiransa da takwas ɗinta. Na ce ba zan bayar ba. Ya roƙa, ya haɗa ni da Allah, ya ce kar Anti ta ji. Na ce ko sisi.

Sai ya ce to tsaya ka gani. Saura naira 150 a akawun ɗin, ya sa 100 a ja ya danna. Muka sa kai mu biyu a kan 'yar wayar, janaretan maƙwabci na ta ƙara, ƙwallon ta zagaya ta zagaya ta faɗa 14.

Ja.

Wallahi kallon da ya yi min ban taɓa ganin irinsa ba. "Ka gani ko Yaya? Ka gani?" Na buɗe baki zan ce masa ai dama kusan rabi ne, da baƙi ta faɗa fa da yanzu dubu ɗari da biyu muke nema, sai na ga ba ya ji, ya riga ya kai bakin ƙofa. Ya tada keken ya tafi ko littafin bai ɗauka ba.

Balans ɗin satin ni na biya wa mai keken daga baya, ta hannun yayarsa, ba tare da ya sani ba. Har yau in mun haɗu a gidan surukai gaisuwa ce kawai sama-sama, kuma na ji yana faɗa wa abokansa ni na ja masa asarar dubu hamsin. Littafin yana nan a shago, akwai sauran shafuka da yawa a baya, a ciki nake rubuta masu cin bashin caji.