Asabar, batun takalmin kayak

Yau kusan rabin wunin a kan takalmi ya ƙare, tuƙin ma ɗan kaɗan na samu na yi da yamma. Sanyi ya shigo, ruwa ya daina wasa, kuma kambas ɗin da nake shiga kayak da shi (siririn kwalekwalen nan mai rufi da mutum ke zama ciki ya tuƙa da filafili) lokacin zafi ba zai kai ni ko'ina ba yanzu, don in ya jiƙe shikenan haka zai riƙe sanyin har a tashi. Jiya da dare na tura saƙo a gurup ɗinmu na masu tuƙin kayak cewa duk mai takalmin ruwa ya taimaka ya zo da shi in gwada kafin in sayi nawa, aikuwa da safe sai ga su an jibge min kala-kala a bakin ruwa, har da wanda ya kawo silifas don tsokana.

Malaminmu ne ya fara tankaɗe su. Silifas gefe, wannan ba sai an yi bayani ba, taku ɗaya a laka ya tafi. Dogon takalmin roba ma gefe, na ce Malam ai wannan ba ya shan ruwa, ya ce eh muddin kana tsaye a inda ruwa bai kai bakinsa ba, amma ranar da kwalekwale ya kife takalmin ya cika fam, ka gwada iyo da shi ka gani. Sai duk mai doguwar igiya, shi ma ya ture, saboda igiyar na iya maƙalewa a matakin ƙafa da ke can cikin kayak ɗin, kai kuma kana kife kana son fita. Wannan ita ce ta fi tsaya min a rai wallahi.

Abin da ya rage duk na niyofirin ne, robar nan mai taushi da ake rigar masu nutso da ita, wadda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1930. Mutane da yawa gani suke hana ruwa shiga yake yi, alhali ruwa na shiga, sai dai ɗan kaɗan ne, jikinka ya ɗumama shi, sannan ƙananan kumfan iskar da ke cikin robar su hana ɗumin gudu. Ruwa kuwa yana zuƙe zafin jiki kusan ninki 25 a kan iska, shi ya sa sanyin da za ka iya jurewa a tudu, a ruwa sai ya sandarar da yatsu cikin ɗan lokaci. Kauri ake dubawa, akwai milimita 3, akwai 5, akwai 7.

Na fara da mai 7 ɗin, ƙato mai tafi mai kauri. Kai, a tsaye babu kamarsa, na taka duwatsu na taka tsakuwa ban ji komai ba, har na fara cewa a raina an gama. Ina zama cikin kayak labari ya sha bamban, kan takalmin na dungurar rufin kwalekwalen, na kasa daidaita ƙafa a kan matakin, tafin ya ƙi lanƙwasa balle in ji abin da nake takawa, fitowa kuma sai da na yi ta jan ƙafa ɗaya-ɗaya. Mutum ai da ƙafa yake tura ƙarfin tuƙi, duk jan filafili ɗaya akwai dannawar ƙafa a ciki, to in ƙafar ba ta zauna ba me aka yi kenan. Sai na koma kan siririn mai 3, wanda kusan safa ce aka manna wa roba a ƙasa. A ciki daɗi kamar ba ka sa komai ba, a waje kuwa kowane dutse sai ya gaisa da tafin ƙafata, kuma a gangaren simintin nan mai gansakuka da ƙyar na tsaya.

Wani abu da sai a zaune ake gane shi shi ne dunduniya. A kayak ba tafin ƙafa ne ke taɓa ƙasa ba, dunduniya ce ke kwance a jikin kwalekwalen, bayansa kuma ruwan sanyi ne kai tsaye, don haka ta nan sanyi ke fara kamawa kuma ta nan takalmi ke fara cinyewa. Na duba na mutane, yawanci nan ne suka goge. Ke nan wanda robar tafinsa ta naɗo ta hau bayan dunduniya shi ne na kirki.

Sai batun lamba, nan na fi daɗewa. Na samu mai 5 daidai lambata, ya kama ni tsam, na fita da shi, ba a jima ba yatsu suka fara mutuwa duk da kaurin, don ya matse jini ba ya zagayawa. Na dawo na karɓi wani mai 5 ɗin da ya fi shi da lamba ɗaya na sa da safar ulu, ita ko ta jiƙe tana riƙe ɗumi ba kamar ta auduga ba, bambancin a bayyane yake. Amma in ya yi yawa ma matsala ce, ruwa zai riƙa shiga yana fita, wanda ka ɗumama ya tafi sabo mai sanyi ya shigo. Yatsu su iya motsi, dunduniya kar ta ɗaga, idon sawu ya kamu, iyakarta kenan. Zif ɗin gefe yana sauƙaƙa sawa amma yashi na cinye shi, in babu ƙyallen roba a bayansa kuma ta nan ruwa ke kwarara.

Muna hutawa Malam ya kawo zancen mutanen Inuwit na can yankin ƙanƙara, Girinlan da arewacin Kanada da Alaska, waɗanda su ne asalin masu kayak, takalmansu na fatar dabbobin teku ne masu taushi, wasu har busasshiyar ciyawa suke shimfiɗawa a ciki don ɗumi. Su da suka fi kowa sanin sanyi ba su je ga mai tauri ba.

Na dai tsaya a kan mai 5, mai rufe idon sawu, da maɗauri a sama, tafi matsakaici mai kama dutse, lamba ɗaya sama da tawa. Kafin mu watse na ɗauraye na mutane da ruwa mai tsabta na kife su a inuwa, don rana na busar da niyofirin ya tsattsage, guda ɗaya kam warinsa sai da na maimaita masa wanki. Gobe zan yi oda, in ya iso kuma ba zan cire takardar jikinsa ba sai na zauna da shi cikin kayak tukuna.