Tumu ba ya jiran kowa

Ƙannena, shekara shida na yi ina acaba a Legas. Da gwamnatin jihar ta hana haya da babur a ƙananan hukumomi shida a farkon watan Yunin 2022, ciki har da Ikeja da Apapa inda nake nema, sai na sayar da babur ɗin da araha na dawo ƙauyenmu a ƙasar Gumel. Gangar jikina ce kawai ta dawo. Na sa wa raina cewa babu farin ciki sai ranar da na sake riƙe kuɗi, duk abin da bai kai wannan ba kuwa ban ɗauke shi komai ba. Kuskuren da nake roƙonku ku guje wa ke nan.

Ban daɗe da isowa ba ruwan shuka ya sauka. Wanda ya tashi a ƙauye ya san ƙamshin da busasshiyar ƙasa take yi idan ruwa ya taɓa ta. Yara na tsalle a tsakar gida, mata na jera bokiti a ƙarƙashin indararo, Baba na tsaye bakin zaure yana ta hamdala. Ni kuwa ina ɗaki riƙe da waya, ina neman wanda zai ce mini an ɗage dokar.

Lokacin noman firi aka kira gayya a gonar maƙwabcinmu. Na ce kaina ke ciwo. Daga gida ina jiyo ganga da ihun samari, ina ganin 'yan mata na wucewa da ƙwaryar fura a ka. Babu wanda ya ce mini uffan. Da maimai ya zo kanmu, sai ga su da fartanyunsu, har da mutumin da na ƙi zuwa gonarsa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Sannu da jiki." Har yau ina jin nauyin wannan gaisuwar.

Amma abin da ya fi ci mini rai tumu ne. Wasunku da suka tashi a birni ƙila ba su taɓa ci ba. Idan gero ya yi ido amma bai gama bushewa ba, sai a karyo zangarniya a ɗora a kan garwashi, a riƙa juyawa har ta fara ƙamshi tana ɗan fashewa. Sannan a murje a tafin hannu, a hure ƙaiƙayin, a watsa a baki da ɗuminsa. Kwanakinsa kaɗan ne. Da zarar hatsi ya bushe an wuce wurin, sai baɗi. Kakarmu, Iya, ita ke gasa shi da yamma a gindin darbejiya, jikoki sun kewaye ta. Sau uku a wannan kakar tana aiko yaro: "Ka ce wa ɗan nan ya zo ya ci tumu." Sau uku ina cewa, "Ka ce wa Iya anjima." Cikin hunturun shekarar Allah Ya yi mata rasuwa.

Ba ina cewa zaman ƙauye babu wahala ba ne. Taki ya yi tsada, asibiti na da nisa, kuma wanda ya tafi ci-rani neman halal ya tafi. Ku nema, ku yi tafiya idan ta kama. Sai dai damuwar da na rungume a ɗaki ba ta ƙara mini ko kwabo ba, ta dai raba ni da abin da ke gabana. Don haka idan tsohuwa ta aiko kiranku, ku ajiye wayar ku tashi. Idan an idar da sallar asuba kada ku yi wuf ku koma shimfiɗa, ku tsaya ku gaisa da dattawa, ku tambayi gona da dabbobi. Idan akuya ta haihu ku je ku gani. Idan kun ji mata na lugude a turmi, ku ɗan saurara.

Bara ni na hura garwashin a gindin darbejiyar. Na aika ƙaramin ɗan yayana ya kira samarin gidan. Biyu suka zo, ɗaya ya ce anjima. Sai na murje nasa a cikin ƙoƙo na kai masa har ɗaki, na zauna a bakin tabarmarsa har ya cinye.