Na Je Abuja Kallon Inuwa

A bayan masallacin unguwarmu a Zariya akwai wani fili da bai kai rabin filin ƙwallo ba. Shekara da shekaru bola ce, ba mai zuwa sai awaki da ledoji. Bara mai unguwa da dattawa suka ce a kwashe sharar a dasa itatuwa, yara su samu wurin wasa, tsofaffi su samu wurin shan iska. Da yake na yi shekaru ina koyar da aikin gona a sakandare kafin in yi ritaya, sai aka ɗora mini kayan. Na ce to, amma ni fa masara da tumatir na sani. Ɗan ƙanwata da ke aiki a Abuja ya ji labari ya bugo waya: "Kawu, ka zo ka ga na manya tukuna, sai ka san yadda za ka yanka naka."

Wata Asabar cikin watan Maris na yi sammako zuwa Rigasa, na hau jirgin ƙasan nan da aka buɗe a 2016. Na samu kujera kusa da taga. Muna wuce Rijana daji ya fara cika ido, ɗorawa da kaɗanya tsaye a gonakin da aka share, an sare komai an bar su domin mai gona ya san abin da suke ba shi. Wajen Jere duwatsu suka fara ɗago kai. Kafin zafin rana ya kankama mun isa Kubwa.

Na hau tasi na ce wa direban, wani Bakatsine mai fara'a, na zo ne ganin gadin. Ya dube ni ta madubi, ya dubi furfurata da carbina, ya ce, "Baba, ai sai da yamma suke hura wuta." Ashe a bakin mutanen Abuja gadin wurin gasasshen kifi ne da kiɗa, da abin da ba a faɗa a gaban dattijo. Filaye ne da aka ware domin itatuwa da ciyawa, aka bayar haya, aka cika su da kujerun roba. Mun sha dariya, amma abin ya tsaya mini a rai, domin ko a unguwarmu har wani ya fara tambayar ko za a bar masa kusurwa ya kafa shagon caji.

Abuja gari ne da aka zana a takarda kafin a aza bulo. A 1976 gwamnatin Janar Murtala ta yanke shawarar barin Legas, a 1979 aka kammala babban tsarin birnin, sai ranar 12 ga Disamba 1991 Janar Babangida ya tare. Masu tsarin sun bar kwaruruka da bakin rafuka da duwatsu ba gini, shi ya sa kana cikin mota a tsakiyar gari sai ka ga kurmi ya ratso tsakanin unguwa da unguwa. Da mutane suka fara cinye waɗannan filaye, rusau ɗin da Malam Nasiru El-Rufa'i ya yi yana ministan birnin, daga 2003 zuwa 2007, har da su ya shafa. Direban ya ce har gobe in an ambaci lokacin wasu sai sun yi tsaki, wasu kuma su ce Allah ya ƙara.

Bayan azahar ɗan ƙanwar tawa ya kai ni Millennium Park da ke Maitama. Tun a mota yake karanto mini tarihinsa kamar mai harda: hekta 32 ne, wani Ba'italiye mai suna Manfredi Nicoletti ya zana shi, Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe shi ranar 4 ga Disamba 2003, lokacin da ta zo taron ƙasashe renon Ingila a zamanin Obasanjo. Rafi ya raba wurin biyu. Ɗaya gefen an bar shi kusan yadda Allah ya yi shi, ɗayan kuma an tsara shi irin lambunan Italiya, da doguwar hanya miƙaƙƙiya da aka shimfiɗe da farin dutse, da tafkunan ruwa masu kusurwoyi. Abin da ya fi kama ni shi ne da ya ce mai zanen ya saita hanyar ne tsakanin wani tsohon rimi da Dutsen Aso. Bazazzagi ba ya jin an ambaci rimi ya wuce. Mu da muke da Rimin Tsiwa da Rimin Doko mun san itace na iya zama adireshi. Wato baƙon ya zo ya tarar da abin da Gwarawa masu ƙasar ke girmamawa, bai ture shi ba, ya ja layinsa daga nan.

Sai dai da ƙarfe biyu na ranar Maris ba a tsayawa sha'awar layi. Farin dutsen na mayar da rana cikin ido, zafinsa na ratso takalmi. Na duba hanyar nan tun daga farko har ƙarshe, mutum uku na ƙirga, biyu masu ɗaukar hoto ne. Na ce a raina an kashe kuɗi an yi wa tsuntsaye ado. To ina mutanen? Suna gindin itatuwa. Duk inda inuwa ta faɗi akwai tabarma, har da masu bayar da hayarta. Wata mata da 'ya'yanta huɗu sun buɗe kular shinkafa da wake, wasu 'yan mata na yi wa ƙawarsu bikin ranar haihuwa, wani malami ya kishingiɗa da littafi a ƙirji yana barci. Na zauna kusan awa guda ina kallon abu ɗaya: inuwa na matsawa, tabarmi na binta. Ba mai cewa a tashi, sai dai ka ga an ja gefe an gyara zama. Bencin da aka kafa a fili kuwa ba ya iya bin kowa, yana nan shi kaɗai.

Can na hangi wani dattijo yana jan tiyo, na je na yi masa sallama. Mutumin Bici ne, ya daɗe yana aikin fulawa a gidajen Maitama da Asokoro. Da na gaya masa abin da ya kawo ni, bai tambaye ni girman fili ba, cewa ya yi, "Malam, ruwa fa?" Na ce akwai rijiyar masallaci. Ya girgiza kai. Ya ce wannan koriyar ciyawa da nake gani ba ta san rani ba ne saboda kullum ana ba ta, kuma Abuja na samun ruwan sama tun daga Afrilu har Oktoba, mu kuwa sai Mayu ta yi nisa. "In ka shuka ciyawa a Zariya da rijiya ɗaya, kai da masu alwala za ku yi faɗa kafin azumi." Shawararsa ita ce in manta da ciyawa, in sa kuɗin a itace da shinge. A haƙa rami mai faɗi tun yanzu, a cika da taki ya huce, a jira ruwa ya zauna sannan a dasa. Darbejiya a gefen yamma domin tana saurin girma kuma tana jure fari, maɗaci da tsamiya a tsakiya domin jikoki, mangwaro kuwa ya ce in yi tunani, don duk inda yake jifa na nan. Kowane dashe a yi masa keji, in ba haka ba akuya za ta gama da shi ran da aka sa shi.

Ya kuma nuna mini wata siririyar turba da ƙafafu suka fitar a cikin ciyawa, ta yanke kusurwa ta nufi inuwa. Ba ta cikin zanen kowa. Nan na tuna filinmu ma yana da irinta, wadda mata ke bi zuwa injin niƙa, ni kuma a takardata na riga na dasa fulawa a kanta.

Da la'asar ta yi sanyi sai na ga na yi wa Ba'italiyen gaggawar hukunci. Farar hanyar nan ta cika maƙil. Yara na tsere, ango da amarya na ɗaukar hoto, tsofaffi na takawa a hankali, Dutsen Aso ya yi ja a can gaba. Ashe hanyar ta yamma ce, itatuwan na rana. Muka yi magariba a kan tabarmar haya, yaron na tsokanata wai Kawu ya janye ƙara.

Washegari muka bi masu sayar da dashe da ke jere a bakin titi, galibi kusa da rafi inda suke ɗiban ruwa. Yawancin waɗanda muka tarar yaranmu ne na Arewa, suna kiran fulawowi da sunayen da ban taɓa ji ba. Wani ya dage sai na sayi wani dogon itace siriri mai kama da sandar tuta, wai shi manya ke sawa a bakin get. Na tambaye shi mutum nawa za su zauna a inuwarsa, ya yi dariya ya ce, "Alhaji, wannan ai na kallo ne." Na sayi maɗaci shida da tsamiya biyu a baƙaƙen ledoji, duk da na san zan samu a Samaru. Ina so ne in koma da abin da zan ajiye a gaban dattawa.

Saboda kayan, a mota na dawo ta Zuba. Na roƙi direba ya sa su a sama, ya ce ba komai, sai da muka sauka na tarar an ɗora buhun doya a kan biyu. Sauran shida suna zauren gidana a inuwa, jikata na ba su ruwa safe da yamma da butar alwala. Ramuka mun haƙa goma sha ɗaya, na goge fulawar da na zana a kan hanyar injin niƙa, mai shagon caji kuma ya sake aiko a tambaya.