Rana, Bitamin D da Hawan Jinin Hajiya

A Katsina ba wanda zai ce rana ta yi ƙaranci, shi ya sa sakamakon gwajin jinin mahaifiyarmu ya ɗaure mana kai: bitamin D ɗinta bai kai 20 ba, ma'aunin da likitoci da yawa ke kira ƙaranci. Da na dubi zamanta sai na gane. Tun da ciwon gwiwa ya kama ta, daga ɗaki sai ɗaki, in fita ta kama kuwa hijabi har ƙasa. Fata ce ke haɗa wannan sinadari idan rana ta taɓa ta kai tsaye, baƙar fata kuma ta fi buƙatar lokaci. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya aikin.

Hajiya na da hawan jini, don haka hankalina ya tashi da na ji an fi samun ciwon zuciya a wajen masu wannan ƙarancin. Na tambayi likitanta ko ƙwayar bitamin za ta kare mata zuciya. Ya ce alaƙar gaskiya ce, amma ba a tabbatar ɗaya ne ke jawo ɗaya ba, domin mai ƙiba ko marar lafiyar da ba ya motsi dama shi ne ba ya shiga rana. A Amurka an yi wani babban gwaji mai suna VITAL, mutum sama da 25,000, rabinsu na shan bitamin D kullum kimanin shekara biyar. Sakamakon da ya fito a 2018 bai nuna raguwar masu kamuwa da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba.

Duk da haka ya rubuta mata ƙwayar, saboda ƙashinta da ƙarfin ƙafafunta. Da hantsi nake shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, ta naɗe hannun riga, ta miƙe ƙafa tana jan carbi, kafin rana ta yi zafi mu koma inuwa. Kifi sardin da ƙwai sun shiga cefane, gishiri da magi suka ragu a miya.

Inda na kafe shi ne maganin hawan jini. Wata ƙawarta ta ce mata tunda an gano matsalar, sai ta huta da shi. Na ce, "Hajiya, don Allah kada ki fasa ko na kwana ɗaya." Ƙwayar bitamin ma ba ma ƙara ta bisa abin da aka rubuta, domin in ta yi yawa takan tara kalsiyam a jini har ta taɓa ƙoda.