Takardar da Ta Biyo Bayan Aikin Yaya

Makonni uku bayan an yi wa yayata aikin cire mama a nan Kaduna, mijinta ya kawo sakamakon gwajin tsokar da aka cire, shafi biyu cike da Turancin likitoci. Idona ya fara sauka a kan "Grade 3", nan take cikina ya ɗuri ruwa, domin na ɗauka sankarar ta kai mataki na uku ke nan.

Sai da likitarta ta zaunar da mu sannan na gane abubuwa biyu ne daban. Wannan lambar, wadda ke tsakanin 1 da 3, tana nuna yadda ƙwayoyin cutar suka saɓa wa lafiyayyun ƙwayoyi idan aka duba su a madubin likita. Shi kuwa mataki, ana fitar da shi ne daga girman ƙarin, da yawan kaluluwar hammata da cutar ta shiga, da kuma ko ta bazu zuwa wasu sassan jiki. Ƙarin Yaya santimita 2.4 ne, ya ɗan haura santimita 2 da ke raba T1 da T2 (rukunan girman ƙari na farko da na biyu), kuma cikin kaluluwa 12 da aka ciro guda ɗaya ce ta kamu, saboda haka tana mataki na biyu. An kuma rubuta cewa babu cutar a gefunan tsokar.

Abin da ya fi damuna shi ne babu bayanin ER, PR da HER2 (wasu alamomi da ake nema a ƙwayoyin sankarar mama) a takardar, domin gwajinsu daban ne, kuɗinsa ma daban. Mijinta ya so a haƙura da shi, amma likitar ta ce, "Alhaji, wannan gwajin ne zai nuna mana maganin da ya dace da ita." A ganina ta yi gaskiya. Idan ER ya fito, mace takan sha ƙwaya irin su Tamoxifen na shekara 5 zuwa 10. Idan HER2 ya nuna 3+, wato akwai shi da yawa, akwai allurar Trastuzumab, idan kuwa 2+ ne, wato babu tabbas, sai an ƙara wani gwajin. Idan duka ukun babu, kemo (magunguna masu kashe ƙwayoyin sankara) ne babban magani, kuma irin wannan ya fi yawa a tsakanin matan Afirka ta Yamma fiye da na Turai.

Mun haɗa kuɗin mun biya. Na Yaya ya nuna ER, babu HER2, kuma ranar Litinin insha Allahu za mu koma da takardun biyu domin a tsara mata kemo kafin ta fara shan ƙwayar.